Kaset Ɗin Malam da Kwamfutar Auta

Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne. A gabana aka yi shi, da hannuna kuma a ciki, ko da yake sai daga baya na san da hannun nawa. Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa.

A shekarun da mai gidana Malam, Allah ya jiƙansa, yake tafiya kudu cin rani, muna zaune a wani ƙauye ta wajen Gwiwa. Shi ba ya rubutun boko, ni ba na karatu. To sai ya riƙa ɗaukar muryarsa a kaset, ya ba mai zuwa gida ya kawo mini. Suna da yawa a lokacin, amma ruwa ya ci wasu, yara suka zare wasu, har ya zama saura ɗaya. Shi na ƙulle a tsumma a ƙasan adakata, da shi na dawo Kazaure wajen autata da mijinta bayan rasuwar Malam.

Autar tawa malamar makaranta ce. Tana da wata tsohuwar kwamfuta a falo, irin ta kan tebur, allo daban, akwati daban. An riga an fid da rai da ita, Auta ta tashe ta. Ta ce mini abin da ta zuba mata a ciki ba na wani kamfani ba ne, aikin gayya ne. Mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina shi, suka bar shi a buɗe, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke, wanda ya rasa hanya ya tambaya a nuna masa. Na ce madalla, Allah ya yi musu albarka ko su wane ne.

Ranar da ta ga kaset ɗin, ta jujjuya shi ta ce, "Inna, zaren nan ya tsufa. Duk kunnawa cin sa take yi. Ki bari in juye muryar Baba a kwamfuta kafin ya tsinke mu rasa ta gaba ɗaya."

Na yarda, amma da sharaɗi. Maganar miji ce da matarsa. Akwai sunan da yake kirana da shi wanda ko uwata ba ta taɓa ji ba, balle 'yar da na haifa. Na ce ta kunna ta fita. Ita ma kunyar ta kama ta, ta ce haka za a yi.

Ta aro rediyo mai kaset, ta haɗa shi da akwatin da waya, ta fara gwaji da wani tsohon kaset na wa'azi. Kwamfuta ta yi kamar kurma. Layin da ya kamata ya riƙa tsalle a allo idan murya ta shiga ya kwanta shiru. Auta ta bubbuɗe wurare, can ta yi tsaki ta ce ashe da wani kunnen daban na'urar take saurare, wanda wayar ta shiga kuwa a toshe yake. Ta buɗe shi, layi ya kama rawa. Ta zauna har wa'azin ya ƙare, komai ya shiga lafiya lau.

Washegari bayan la'asar aka sa na Malam. Ta danna, ta fice madafa. To, 'yan sifikun da murya ke fitowa a kan akwatin suke zaune, tagar falon kuma tana kallon dakalin da surukina yake hira da abokansa a gindin darbejiya. Da na ji Malam ya yi sallama, ya yi gyaran murya irin tasa, sai na ji kamar duk unguwar ta kasa kunne. Na tashi na ɗauko gwadona mai kauri, na lulluɓe akwatin da sifikun gaba ɗaya, na tattare gefe da gefe don kada ko kalma ta tsere, na cusa kaina ciki. Bazara ce, gumi yana zuba, ban damu ba. Ya gaishe ni, ya ba ni labarin hanya, ya kama maganar wata akuyarmu mai satar dawa. Yana cikin haka sai ɗif. Allo ya yi baƙi, murya ta ɗauke.

Na tsayar da rediyo kamar yadda aka koya mini, na ninke gwadona na mayar kan gado, don ni ba na barin kaya a watse, sannan na kira Auta.

Ta fara zargin wuta, amma fanka tana juyawa, batirin sola kuma a cike yake. Abin da aka ɗauka duk ya tafi, tunda ba a kai ga adana shi ba. Ta sake sa wa'azi ta zauna a kai, ya tafi har ƙarshe ba tari. Kashegari aka sa Malam, ta fita, na yi abin da na saba, ɗif. Sai ta ce wataƙila sabon gyaran da ta sauko wa na'urar da shi a makon ne bai karɓe ta ba, ta tashe ta da tsohon. Aka sake sa Malam, ɗif. A wajen mayar da kaset baya a karo na ukun nan zaren ya tsinke.

Na koma gefe na zauna. Auta ta kwance kaset ɗin a kan faranti, ta haɗa bakin zaren biyu da ɗan siririn salatif. Ta ce, "Inna, sau ɗaya ya rage mana. Ba zan sake kunna shi ba sai na san abin da ke kashe ta."

A kwanakin nan aminiyata ta zo daga Roni duba jikokinta, ta biyo ta wajena. Da ta ji labari ta tafa hannu.

"Yo wannan ai a fili yake. Malam ne ba ya so a cusa shi cikin ƙarfe. Mutumin da ko mota sai an yi masa magiya yake shiga?"

Na ce, "Ke dai ba a raba ki da neman magana. In ba ya so, wa ya sa shi shiga kaset?"

"A kaset ke kaɗai yake wa daɗin baki. Yanzu kuwa 'yarsa ce riƙe da makulli."

Na daka mata duka a cinya, muka yi ta dariya, amma a raina na fara tunanin ko gaskiyarta ne.

Auta ba ta bi ta kanmu ba. Ta buɗe wani ɗan baƙin allo da ake yi wa na'urar magana kai tsaye, ta yi ta buga haruffa. Ta kuma kai kukanta zauren masu gayyar nan ta wayarta. Wani bawan Allah da ba ta san ko a wace ƙasa yake ba ya amsa mata cewa ita na'urar tana rubuta duk abin da ya same ta a wani littafi nata na ciki, ta je ta karanta layukan ƙarshe kafin kowace mutuwa. Ta karanta. Sau uku magana ɗaya ce: zafi ya kai iyaka, ta kashe kanta don kada ta ƙone.

"Zazzaɓi ke nan," in ji Auta. "To me ya sa ba ta yin sa da wa'azi, sai da Baba?"

"Na gaya muku," in ji aminiyata.

Auta ta jawo akwatin ta juya bayansa don ta duba 'yar fankar da ke ciki. Fanka lafiyarta lau. Amma a jikin ragar da iska ke fita ta tsinci wani jan zare ya maƙale. Ta ɗaga shi sama, ta dube shi, ta leƙa ɗakina inda gwado yake ninke a kan gado, ta dawo ta durƙusa a gabana.

"Inna, don Allah, in na fita me kike yi?"

"Me zan yi? Saurare."

"Haka kawai?"

"To, ina ɗan rufe ta. Ko so kike mijinki ya ji daga dakali?"

"Da gwado? A bazarar nan?"

"Da me zan rufe, da mayafin da ake hango mutum ta ciki?"

Ta kifa kanta a cinyata, kafaɗunta suna girgiza. Na zaci kuka take yi, ashe dariya ce ta hana ta numfashi. Aminiyata kuwa har da kwanciya a tabarma, tana cewa ashe ni ce fatalwar. Da Auta ta samu kanta ta nuna mini ramukan jikin akwatin, ta ce ta nan take shaƙar iska, ta nan take fitarwa, abin da na yi daidai yake da toshe wa mai gudu hanci. Na ji kunya, na kuma ji tausayin abar. Na dafa ta na ce ta yafe mini.

Washegari da hantsi, kafin rana ta yi zafi, Auta ta cire sifikun gaba ɗaya. Ta kawo abin sawa a kunne, ta saka mini a ƙarƙashin ɗankwali, ta kafa wa akwatin fanka a baya. Ta yi bisimilla ta danna, ta ja hannun aminiyata suka fita.

Malam ya yi sallama a cikin kunnena, kusa da ni fiye da kullum. Idona yana kan allo, layi yana rawa. Da aka zo wajen salatif murya ta yi 'yar shaƙuwa, ta wuce. Ya gama da akuya, ya kira ni da sunan nan, ya faɗi abin da ya faɗa, ya yi addu'a, ya ce a gaida kowa da kowa. Rediyo ya yi ƙas ya tsaya da kansa, allo kuma yana nan da haskensa.

Auta ta shigo da gudu ta adana, ta juye a wurare uku, ɗaya a 'yar wayata, ba tare da ta saurari ko kalma ba. Sannan ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna, ko sallamar ce kawai, ki bar ni in ji muryarsa."

Na ba ta kunne ɗaya na abin sauraren, na riƙe ɗaya, yatsana a kan wurin tsayarwa. Na bar ta har ƙarshen labarin akuya.