Mai Ganin Ƙwari a Masarar Mutane

A kasuwar Bakori, wata tsohuwa mai awon masara ta zuba wa wani baƙo ido. Dogo ne, shaddarsa ta sha sitati, ga baƙin tabarau a goshi. Yana dumbuzar farar masararta, ya kai daf da hanci, ya yamutsa fuska, ya watsar.

"Gwaggo, ƙwari sun cika ta."

Masarar da ta sheƙe da hannunta, ko ƙwaro ɗaya babu. Ta lura abin nan da yake gani yana ta korarsa da hannu a jikin bango ma, har a farar rigar mai shayi. Babur na wucewa da ƙara sai ya zabura, hannun ya ƙara sauri kamar mai korar ƙuda. Wataƙila an taɓa tare shi a hanya, barci ya ƙaurace masa. Ita ina ruwanta? Kowa a nan ya ga tashin hankali, amma ba kowa ke sauke nasa a kan kayan talaka ba. Masu saye da suka ji shi har sun juya.

"Alhaji, ɗaga kai ka dubi sama. Akwai ƙwarin?"

Ya ɗaga, ya daɗe yana ƙifta ido.

"Akwai. Likita ya ce idon lafiya lau, damuwa ce."

"Ashe ka sani," ta ce, tana janye buhunta daga gabansa. "To je ka kushe sama. Ita ba ta da jikokin ciyarwa."