Gwiwar Yaya Adiza da Masu Dubiya

Shekara tara ke nan da aka kai Yaya Adiza makwancinta a Tafo, amma ban taɓa tuna ta kamar wannan makon ba, domin likita ya sa mini ranar aikin gwiwa.

Yayata ce, ciki ɗaya. Ta ƙare ƙuruciyarta a tsaye kan tukunyar shinkafa da wake a unguwar Aboabo, har gwiwarta ta dama ta cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Da aka yi aiki aka sa mata ta ƙarfe, likita ya ja mana kunne: lallai ta riƙa takawa tana lanƙwasa ƙafar kullum, ko da kuka ne, in ba haka ba gwiwar za ta sandare.

To, a Zongo, unguwarmu ta Hausawa, mara lafiya ba ya taka ƙasa. Masu dubiya suka cika gida, wannan da koko, waccan da lemo, kowa "kwanta abinki" yake cewa. Butar alwala ma har gado ake kai mata. Ranar da na kama hannunta muka fito tsakar gida tana cije leɓe, Mma Fati maƙwabciyarmu ta daka mini tsawa: "Ei, Ladi! Ba ki da tausayi kraa, ko kaɗan? Ɗinkin zai ɓalle!" Duk ido ya dawo kanmu. Yaya ta dubi jama'a, ta zare hannunta, ta ce a mayar da ita ɗaki. Kunyar yin kuka gaban baƙi ce ta kayar da ita.

Gwiwar kuwa ta sandare. Har wani ciwon daban ya ɗauke ta, a kujera take salla, goshinta bai sake taɓa ƙasa ba. Wannan ya fi komai cin ranta. Ta taɓa ce mini, "Da kin toshe kunnenki kin ja ni."

Ko me za ta ce yau, in ta ga 'ya'yana tun yanzu suna rabon wanda zai riƙa kawo mini buta? Ina jin tsoro, ba na ɓoyewa, kuma na fi tsoron ƙaunar mutanena a kan wuƙar likita.

Yaya ba ta bar gida ko fili ba. Ta bar mini wannan maganar, da ƙarfen dogarawarta mai ƙafa huɗu da muke shanya tsumma a kai. Jiya na sa an wanke shi an ajiye a bakin ƙofata. Na kuma gaya wa Mma Fati, wadda har yau tana nan da bakinta, ta sanar da unguwa: duk mai zuwa dubiyata ya zo ya riƙe mini hannu mu zagaya tsakar gida, in na yi kuka ya kau da kai.