Tsummokaran da Inna Ta Ɗaura wa Gora

Ko zan manta da ranar da aka kawo ni Tawa daga Bambeye, ba zan manta da ranar da na kwance tsummokaran gorar uwar mijina ba. An yi shekaru, amma in na tuna sai kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

A gidanmu akwai gora, abin da ba kasafai ake gani a ƙasarmu ta dutse da rana ba. Marigayi uban mijina ne ya taho da saiwarta daga Abijan cikin jiƙaƙƙen buhu, Inna, uwar mijin nawa, kuma ta raine ta. Bayan ɗakinta ta dasa ta, daidai inda take alwala, don kowane ɗigo ya gangara gindinta. Ruwan wankin hatsi nan ake zubawa, na sabulu kuwa ko kusa. Da bazara in pampo ya ɗauke, na sha ganin ta rage ruwan wankanta ta kai wa gorar. Ganyen da ya zube ba a share shi, sai ta tara shi a gindi da kashin awaki don ƙasa ta riƙe sanyi.

Ni kuwa amarya, ina son a ce ina da tsabta. Wata safiya Inna ta tafi suna Affala, na ɗauki tsintsiya na shiga bayan ɗakin. Sai na ga kowace sanda ɗaure da tsumma, wani ƙulli ɗaya, wani biyu, wani huɗu, duk sun yi baƙi ƙirin. Na ce wannan ai ƙazanta ce. Na kwance su kaf, na jefa a murhu, har ina jin na yi abin yabo.

Bayan kwana uku magini ya ce gobe zai rufe mana madafa, wadda iska ta yaye rufinta, ga hadari ya fara haɗuwa gabas. Mijina ya wasa adda ya ce, "Inna, waɗanne za a sara?"

Ta je ta shafa sanda ta farko daga sama har ƙasa. Ta shafa ta biyu, ta uku, sai ta tsaya cik. A nan na ji daga bakin mijina cewa kowace damina ƙulli ɗaya take ƙara wa kowace sanda, kuma sai mai ƙulli uku ake sara. Ɗanya in aka yi rufi da ita, ƙwaro ke huje ta, shekara guda rufin ya rufto kan mai tuƙa tuwo. Mai tuƙa tuwon kuwa ni ce.

Mijina ya ce, "Wa ya kwance tsummokaran?"

Inna ta ce, "Awaki na sunka ci. Tahi ka biɗo igiya, ka bar mu."

Yana fita ta ce, "Ɗiyata, tun randa na dawo na ji ƙaurin tsumma a murhu. Ban dai san nawa ba ne." Na durƙusa ina ba ta haƙuri, na ce ai tana iya gane tsohuwa da ido. Ta yi ɗan murmushi. "Idon ga shekara biyu ke nan hayaƙi nika gani. Da hannu nika ƙirga. Kunnen ma ya yi nauyi. Amma ke, an ce kaza ba ta motsi a zaure ba ki ji ba. Ɗauko ludayi."

Ta kai ni wajen sandar da ke jikin bango, wadda ta tabbata ta tsufa, ta ce in buga. Ta yi ƙara siririya, ƙal. Ta kai ni wajen tohon bara, na buga, ya yi dum kamar kabewa. "To, bi su ɗaya ɗaya." Ina bugawa ina saurare, wadda na zaɓa sai ta danna mata farce. In farcen ya shiga, ta ce, "Wagga jaririya ce, ke ma kunnenki ya tsuhwa?" Mu yi dariya, mu wuce. Kafin azahar mun ware sanda tara, sauran ta yage tsohon zanenta muka sake ɗaura musu.

Ruwa ya sauka kwana biyu bayan an yi rufi. Har yau a ƙarƙashinsa nake tuƙa tuwo, ko rami ɗaya ƙwaro bai yi ba. Zancen idon kuwa sai da na yi wata guda ina lallashinta kafin ta yarda ɗanta ya kai ta likita. Mijin nawa kuma har gobe awaki yake zagi.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, yanzu ni ke ƙara ƙullin kowace damina. Abin da na koya a ranar shi ne, duk abin da na tarar a ɗaure a gidan mutane, sai na tambayi wanda ya ɗaura kafin in sa hannu. Kuma in ƙarami ya yi mini ɓarna, in rufa masa asiri, in miƙa masa ludayi mu gyara tare.