Baba a Taragon Gado

In aka tambaye ni ko jirgin ƙasa mai gado ya fi jirgin sama, cewa nake yi ban sani ba, in kawo wani zancen. Sau ɗaya na taɓa shiga, ni da babana, a shekarun da kuɗin mai ya fara cika gari. Tare muka hau a Ikko, ni kaɗai na iso Wudil.

Rakiyar shanu ce sana'ar Baba tun yana saurayi. Ranar Juma'a attajirai su sayi shanu a karar Wudil, a kora su Kano, a loda a tarago, shi kuma ya bi su har Ikko. Aikin duka guda ɗaya ne, kada ka bar saniya ta kwanta. In ta kwanta a cikin wannan matsin sauran za su tattake ta, kafin a kai tasha ta gaba ta zama mushe. Don haka mai rakiya ba ya kwanciya shi ma. Yana tsugune a kan katako da sandarsa, wadda ta fara durƙusawa ya zungure ta. In jirgin fasinja ya taho sai a ture na shanu gefe a ba shi hanya, to a nan Baba yake hango taragon nan mai labule, mutum ya miƙe ƙafa a kan farin zanin gado, fanka na juyawa a kansa. Kullum ya dawo sai ya ce wa Inna, mahaifiyarmu, wata rana sai ya kwanta a ciki. Ita kuma ta ce ya fara koyon kwana a gidansa tukuna.

Ni ne autansu, kuma ƙafar yawonsa na gada. Sakandare na bari ban yi nisa ba. Na shiga ɗinki, na gudu. Na yi karen mota a hanyar Gaya, na bi masunta ƙarƙashin gadar garinmu, duk ban zauna ba. Da na ji ana labarin jiragen ruwa sun cika bakin teku da siminti, ana neman masu dako, sai na tattara na tafi Ikko. Yayana yana can tuni, shi ya yi karatu, yana aiki a wata ma'aikatar gwamnati, an ƙara musu albashi har ya sayi babur da rediyo.

A tafiyarsa ta ƙarshe Baba ya sauke shanu lafiya a Agege, ya je yin alwala ya faɗi. Muka kai shi asibiti. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sama-sama. Bayan 'yan kwanaki likita ya ja Yaya gefe ya ce zuciya ce, kuma gara mu kai shi gida. Ba wanda bai gane nufinsa ba, har shi Baban da ya juya mana baya kamar yana barci.

Yaya ya ce jirgin sama za a shiga. Baba ya yi azahar a Ikko, ya yi magariba a ɗakin Inna. Shi Yaya ya san wanda zai samo musu kujera, ba sai an yi gudun rige-rige a filin jirgi da mara lafiya ba. Baba ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, “Ta saman nan akwai Jebba?”

Yaya ya ce wace Jebba kuma ana maganar rai. Baba ya ce ai maganar ran yake yi. Shekara da shekaru yana cin abincin mutane a hanyar nan, yana shan ruwansu, ya yi faɗa da wasu, ya zagi wasu a kan wurin shayar da shanu. Mai rakiya in ya san ya bar hanya, sai ya bi tasha-tasha ya yi sallama ya nemi yafiya, haka ya ga na gaba da shi sun yi. Yaya ya ce zai aika a gaya musu duka. Baba ya ce yafiya ba a aika ta, ido da ido ake nema.

“To Inna fa?” in ji Yaya.

Baba ya ce, “Ita ta saba jirana.”

Yaya ya juyo kaina, wai in sa baki. Na ce abin da Baba yake so shi nake so. Ya ce dama ya sani, mu biyun ba wanda ya san zaman gida. Duk da haka shi ya je ya yanko tikitin taragon gado, ya kawo ya ajiye a kan tabarma bai kalli kowa ba. Aka shirya shi zai bi ta sama ya riga mu, ya gaya wa Inna, ya nemi mota ya tare mu a tashar Kano.

Ɗakin ƙarami ne, gado sama gado ƙasa, da ɗan wurin wanke hannu da madubi. Na kwantar da Baba a na ƙasa. Ya shafa zanin, ya shafa bango, ya kalli fanka. Ya ce in cire masa takalmi kada ya ɓata wa mutane kaya. Da jirgi ya tashi ya ce ashe ciki ma girgiza yake yi kamar na shanu, wari ne kawai babu. Ya ƙi sakin sandarsa, ya kwantar da ita a gefensa.

Duk tashar da muka tsaya sai ya ce in ɗaga shi, in buɗe taga. Ya gaya mini wanda zan nemo da inda zan same shi, in ruga. A Badun wani tsohon mahauci ne. A Offa mai sayar da ciyawa, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji. Mutumin ya zo da fushinsa, da ya ga fuskar Baba a taga sai ya cire hula ya riƙe a hannu. Wasu na tarar sun mutu, wasu sun tashi. In na dawo na faɗa masa sai ya ce Allah ya ji ƙansu, ya yafe musu, shi ma Allah ya sa sun yafe masa.

Jirgin ya yi ta ɓata lokaci, ya tsaya a daji ba dalili, ya ja jiki, ya sake tsayawa. Sai da gari ya fara wayewa muka haye gadar Jebba. Can akwai wata tsohuwa Banufiya mai soyayyen kifi, Hausarta a karye. Tana leƙowa ta ce, “Kai, mai warin kashin shanu, wa ka sace wa tikiti?” Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce mata yau shi ma alhaji ne, ta ba shi tsoka, ta daina ba shi kai da ƙaya. Sannan ya ce ta yafe masa. Ta ce ba za ta yafe ba sai ya dawo. Ya ce ba zai dawo ba. Ta tsaya tana kallonsa, jirgi na busa. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ta kwashi busasshen kifi ta naɗe a takarda ta cusa mini ta taga, ta ce na matar gida ne, a ce mata ta yi haƙuri da su da suka riƙe mata miji a hanya.

Daga nan Baba ya yi barci, irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba, baki a buɗe, hannu a sake. Na zauna a ƙasa ina lissafin tashoshin da suka rage, ina cewa a raina ai mun ci rabi, ai za mu kai. Ya farka a Minna ya yi sallama da mai shayinsa, ya kurɓi kaɗan. Ya ce mini saura Kaduna, saura Zariya, sai Kano, sai gadarmu. Ya ce in mun hau gadar Wudil in sa direban mota ya rage gudu, yana so ya ga ko ruwa ya janye.

Bayan azahar, rana tsaka, tsakanin Minna da Kaduna, na ji numfashinsa ya canja. Na riƙe hannunsa ina yi masa kalmar shahada, leɓensa na bi. Ba a daɗe ba ya cika.

Na fito na gaya wa ma'aikacin taragon. Wani dattijo a ɗakin kusa da namu ya zo ya rufe masa ido, ya ɗaure masa haɓa. Na ce su bar ni in kai shi gida, ai saura kaɗan. Dattijon ya ce, “Ɗana, da wannan zafin, da wannan jirgin da ba a san ranar isarsa ba? Gawa ba ta jira. Inda Allah ya karɓi abinsa nan ƙasarsa take.” Na san gaskiya ya faɗa, Baba da kansa ya binne abokan rakiyarsa biyu a hanyar nan.

A wata 'yar tasha aka sauke mu, wadda ko rumfar kirki babu. Jirgi ya tafi. Mutanen ƙauyen suka zo kamar sun san mu, suka yi masa wanka, wani ya kawo likkafanin da ya ajiye wa kansa. Kafin magariba an rufe shi a bayan gari, kusa da wata ɗorawa. Daga kabarin ana hango layin dogo.

Yaya yana tashar Kano da motar da ya ɗauko, ya shimfiɗa katifa a baya. Jirgi ya iso, ya bi taragon ɗaki-ɗaki, ya tarar da takalman Baba a ƙarƙashin gado, na manta da su. Ma'aikacin ne ya gaya masa.

Ni washegari na iso a bayan wata motar itace. Na tarar da ƙofar gida cike da tabarmi, 'yan uwa daga Utai da Indabo duk sun zo. Yaya ya karɓi gaisuwata kamar ta baƙo. Da muka keɓe ya ce da yanzu Baba ya kwana biyu a ɗakinsa, da Inna ta ba shi ruwa da hannunta. Har yau muna zumunci, amma ba mu sake ɗaga zancen ba, kuma bai taɓa tambayata inda kabarin yake ba.

Na shiga wajen Inna. Ta share ɗakin, ta canja shimfiɗa, ga furar da ta dama tun ranar da Yaya ya sauka, a rufe da faifai, ta yi tsami. Na ajiye sandar, na ajiye kifin, na faɗi saƙon Banufiyar. Ta buɗe takardar ta kalla, ta mayar ta naɗe.

Ta tambaye ni ko ya sami kowa da kowa. Na ce ya sami yawancinsu. Ta tambaya ko ya kwanta a gadon. Na ce ya kwanta, har ya yi barci. Ta gyaɗa kai, ta ce to madalla.

Ina shirin tashi ta ce, “Ni bai bar maka saƙo ba?”

Na tsaya ina neman abin da zan ce. Baba bai bar mata saƙo ba. Ya ɗauka zai iso.

Ta ce ba komai, in je in ci abinci. Ina bakin ƙofa na ji ta tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Cewa take ta yafe masa, ai da ya tambaya.