Sallamar Nuhu da Tafiyar Ummi

A wannan watan ƙanena Nuhu ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi ƙosai in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in yi shiru da bakina. Bana kuwa wani abu ya faru a gidanmu na Kudan da ya sa na ɗauki biro, domin tun ranar nake ta tambayar kaina me Nuhu zai ce da yana raye.

Nuhu ma'aikacin ɗakin gwajin jini da fitsari ne a asibiti. Sai da ya yi aure ya haifi 'yarsa Ummi sannan ya koma karatu, ya shiga bincike a kan tsargiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini. A ƙauyukanmu a lokacin, idan yaro ya fara fitsarin jini wasu cewa suke ya fara zama namiji. Shi kuwa Nuhu ya ce ciwo ne, kuma a ruwa ake ɗaukarsa, ta hanyar wasu ƙananan katantanwa da ke kwance a kududdufi da fadamun rake. Haka zai naɗe ƙafar wando, ya sa dogon takalmin roba, ya yi ta bin fadamu daga Kudan har Dandamisa yana tsintar su a kwalba. Masu saran rake suka sa masa suna Sarkin Katantanwa, yana amsawa kuwa da fara'a.

Shekara biyu kafin rasuwarsa aka gayyace shi wani taron masu binciken lafiya a Turai, a wani gari da har yau ban iya faɗar sunansa ba. Sun karanta abin da ya rubuta, suka ce ya zo ya yi bayani da bakinsa. Ya zaunar da mahaifiyarmu, Inna, ya ce mata gayyata daban, kuɗin jirgi da masauki daban, ya nemi tallafi wurin wata ƙungiya amma ba su amsa ba tukuna. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin inda mutum zai gayyato baƙo daga nesa ya bar shi da kuɗin mota ba, ko bikin 'yar talaka ne ana aikowa da na hanya. A wurinta magana ta ƙare, Nuhu zai tafi Turai.

Shi ma Nuhun yana tsaka mai wuya. Masu tallafin nan ba sa amsawa sai tafiya ta matso, mu kuma a wurinmu ba a yi wa manya sallama a gurguje. Sai ka taka ka je gidan kowa, ka durƙusa, ka ci abincinsa, ya sa maka albarka. Wanda aka tsallake ba zai manta ba, wanda aka gaya wa ana gobe tafiya zai ce an raina shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Inna. Sai Nuhu ya hau babur ɗinsa ya fara zagaye tun amsa ba ta zo ba.

Ya je Dandamisa wurin Kawu Sale, yayan Inna, aka ba shi mazarƙwaila cike da leda, wai ya nuna wa Turawa sukari na gaskiya. Kawu ya kuma yi odar maganin ciwon gwiwa, ya ce na can ya fi ƙarfi. Ƙanwar mahaifinmu da ke Makarfi ta daka masa yaji da dakuwa, don ta ji labarin abincinsu ba gishiri. Ni da ya zo Ikara, inda nake aure, na riga na aika an sayo masa rigar sanyi a gwanjo, mai nauyi kamar bargo. Ya sa ta a tsakar gida cikin zafin bazara, yarana suna ta dariya yana tafiya irin ta soja. A kowane gida sai ya ce, in Allah ya sa an sami tallafin. Ba wanda ya ji wannan gefen maganar. Ni ma ban ji ba.

Sai amsa ta zo. Masu nema sun yi yawa, guraben kaɗan ne, an ba waɗanda suka riga suka yi suna. A wurin aikinsa ma kuɗin da ke akwai na tafiye-tafiye bai kai kan ƙananan ma'aikata ba. Wani babba da zai je ya tafi da babbar takardar da aka zana binciken a jiki, ya manna ta a bango a can, ta yi kwanakinta a tsaye babu mai amsa tambaya a gefenta.

Abin da Nuhu ya yi bayan nan shi ne ba na mantawa. Ya sake hawa babur ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa inda ya durƙusa a da, ya ce tafiya ta fasa. Ya ce tunda da ƙafarsa ya je ya karɓi addu'a, bai kamata su ji a bakin 'yan kasuwa ba. Guzuri kuwa ba a mayarwa, mu muka shanye mazarƙwailar a koko. A majalisar ƙofar gida abokansa suka samu abin yi. Da ya ɓullo sai su ce, Bature, yaushe a gari? Shi kuma ya ce jirgin ne ya tsaya shan mai a nan maƙwabtanmu Hunkuyi, har yanzu ana layi.

Inna ce abin ya yi wa ciwo. Ta daɗe ba ta zuwa biki ko suna, don mata na tambayarta ina ɗan Turai, ya sauka lafiya? Ta ce baki ne ya kama tafiyar. Da Allah ya karɓi ransa bayan gajeruwar jinya, sai ta haɗa abubuwan biyu a zuciyarta, duk da likitoci sun gaya mana ciwonsa ba shi da alaƙa da wata damuwa. Tun daga nan ba a yin zancen jirgi a gabanta, sai na Makka.

Na taɓa tambayarsa, muna zaune ina tsinke zogale, ko yana jin zafin rashin ganin Turai. Ya ce, "Yaya, ba jirgin nake so ba. Akwai wata mata da nake karanta rubutunta, za ta je taron. Tambaya ɗaya nake so in yi mata." Wai akwai kududdufai biyu kusa da juna a bayan wani ƙauye, yara suna wanka a duka biyun, katantanwar ɗaya na ɗauke da cutar, na ɗayan ba sa ɗauke da ita, ya rasa dalili. Ya rubuta mata bai sami amsa ba, ya ce wataƙila saƙonni sun yi mata yawa. Ni da karatuna ya tsaya a sakandare, har yau idan na wuce kududdufi sai in tsaya ina kallonsa, ina cewa ko wannan wane iri ne.

Ummi a hannuna ta ƙarasa girma bayan mahaifiyarta ta sake aure. Ta karanci aikin ungozoma, ta yi aure, ga goyo, yanzu kuma tana bincike a kan hawan jinin masu juna biyu a ƙananan asibitocin ƙauye, abin da ke kai mata ga jijjiga. Watannin baya ta zo min da waya a hannu. An gayyace ta taro a Afirka ta Kudu, kuma an ba ta tallafin tafiya.

Na sa ta zauna ta yi min bayani dalla-dalla, don abin ya ba ni mamaki. Ashe yanzu akwai tallafin da aka ware wa masu tasowa kaɗai, wanda ya daɗe a aiki ma ba a karɓar takardarsa. Ƙanƙantar da ta hana ubanta ita ce ta ba ta. A waya ta nema, tana zaune a kan tabarma tana shayarwa. Sun ɗauki nauyin jirgi da masauki, har da wani abu na mai riƙe mata jariri, kuma tare da malamarta da wasu mata biyu za su tafi, abin da ya kwantar da hankalin mijinta da nawa. Na ce ikon Allah, wa ya zauna ya tuna cewa mai bincike tana iya zama mai goyo? Ta ce ai matan da suka sha wuya a baya su ne yanzu a kujerun.

Amma ta ce kada in ɗauka an gama gyara duniya. Wasu masu tallafin sai ka kashe naka ka dawo sannan su biya ka, wanda kuwa ba shi da abin kashewar ya zauna gida. Wasu an ba su komai, biza ta hana. Na tambaye ta, tunda yanzu ana yin taro ta waya kowa na ganin kowa, me ya sa sai an tafi? Ta ce a waya kana jin jawabi, amma maganar da ke da amfani a wurin shan shayi ake yin ta, inda za ka tare mutum ka ce, ni fa ga abin da na gani a ƙauyenmu, ku kun taɓa gani? Na taɓa jin irin wannan maganar a bakin ubanta.

Me Nuhu zai ce da wannan zamani? Ina jin da farko zai karɓi wayar ya yi ta juya ta yana tambayar wa ke biya, don me suke biya, me suke so a madadi. Bai iya karɓar abu bai bincika ƙarƙashinsa ba. Ba na jin zai yi hassada. Sai dai na san zai tambayi su waye har yanzu ba sa samu: ma'aikacin asibitin ƙauye da ba shi da mai duba masa Turancinsa, da wanda garinsu sai an hau tudu ake samun sabis.

Saura Inna. Ummi ta ce ba za ta taka jirgi ba sai da albarkar kakarta, masu tallafin kuma suna jiran ta tabbatar musu, in ba haka ba su ba wani. Dabararta ita ce a gaya wa Inna ita kaɗai, a ɓoye wa sauran dangi, sai ta sauka can ta turo hoto, yadda 'yan yanzu ke yi. Bizarta ma ba ta fito ba. Ni ma na ga hikimar hakan, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Muka je Kudan bayan azahar, muka tarar da Inna a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Sunanta aka sa wa Ummi, don haka Takwara take kiranta, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ta ce Takwara ta rame, ko mijin ya gaji da ciyar da 'yar boko ne? Ummi ta ce ai gara ita, tana da haƙoran cin abin da aka ba ta. Da dariya ta lafa na faɗi abin da ya kawo mu. Hannun Inna ya tsaya a cikin faifai.

Ta tambaya ko sun biya. Ummi ta ce sun biya, ta miƙa mata waya ta ga tikitin da suka tanadar mata. Inna ta ture wayar ta ce ita abin da ba a ninke shi a sa a lalita ba, ba ta kiransa tikiti. Ta tambaya ko akwai sauran abin da zai iya hanawa. Ummi ba ta yi mata ƙarya ba, ta ce akwai, izinin shiga ƙasar bai fito ba, shi ya sa ba za a gaya wa kowa ba, ko Kawu Sale.

Inna ta kalle ta ta ce, "Sata za ki je yi?"

Ummi ta ce a'a, tana gudun abin da ya faru ne.

"Abin da ya faru ni ya faru da ni, ni na ɓuya a ɗaki. Ubanki bai ɓuya ba. Ki je ki yi wa mutane sallama. In ta fasa, ƙafarki ba ta karye ba, ki koma ki gaya musu."

Ta juyo gare ni, da yake ni ce 'yar fari ba ta kama sunana, ta ce ke kuma ki raka ta, kada ta tsallake gidan kowa. Sannan ta jawo kan Ummi ta tofa mata addu'a mai tsawo. A nan tsakar gidan Ummi ta aika wa masu tallafin cewa tana zuwa.

Mun zaga. Kawu Sale ya tsufa ƙwarai, sai an ɗaga murya yake ji, amma da ya fahimci zancen sai ya ce a gaya wa 'yar Nuhu gwiwar nan fa har yanzu tana nan.

Nuhu bai bar gida ba, bai bar gona ba, bincikensa ban san inda ya kwana ba, kuma tambayarsa ya tafi da ita kabari. A da ina ganin tafiyar da bai yi ba ita ce babban labarinsa. Yanzu na fi ganin komawar da ya yi gida-gida, don ita ce ta zauna a zuciyar tsohuwa shekara da shekaru, ta fito a ranar da 'yarsa ke bukatarta. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya sanar da shi abin da ya so sani.

Har zuwa yau da nake wannan rubutu fasfon Ummi bai dawo daga ofishin biza ba. Jiya Inna ta je suna a unguwarsu, aka ce da bakinta ta gaya wa mata cewa Takwara za ta tafi taro, in Allah ya yarda.