Layin da Yaya Sani ya ce kar a taɓa

'Yan uwa, ku ji abin da ya faru yau.

Bayan azahar Alhaji Bala mai goro ya kira ni. Ya ce, "Nura, wane ne wannan a shafin shagona na intanet?"

Marigayi Yaya Sani ne ya gina shafin, tun rasuwarsa nake kula da shi. Da safe na sabunta manhajar da ke haɗa fayilolinsa, sai ta ƙi tsoffin ƙa'idojin ɗauko hotuna. Na sake rubuta su. Akwai layin da ya hana shafin ɗauko hotunan wata folda, Yaya ya rubuta "kar a taɓa" a gefensa. Na goge shi.

Na buɗe shafin. Innalillahi! Cikin hotunan goro ga wani mutum tsaye a ƙofar gidanmu. Hoto bakwai, kaya daban-daban, duk ta tagar Yaya aka ɗauka.

Na nuna wa Inna. Ta ce, "Ai mutumin nan ne ya ɗauki yayanka zuwa unguwar Ojoo ranar hatsarin da ya yi ajalinsa."

Na sauke shafin. Alhaji ya ce wani ya kira yana tambayar mai kula da shafin, ya ba shi sunana.

Akwai muryar Yaya da ya naɗa a foldar. Ban saurara ba tukuna.