Igiyar da Ta Yi Sako-sako

A gidanmu na Gangara, in sanyi ya shigo, ana gama cin tuwo sai Kaka Yagana ta sa mu tara karan gero mu hura wuta a tsakar gida. Ita ce ta haifi Baba. Tsohuwa ce mai tsokanar tsiya, ba ta fara tatsuniya sai ta zolayi kowa. Yayana Laminu, da ke karatu a kwalej a Tanut, shi take kira maigidanta, shi kuwa ya ce ya sake ta tunda miyarta ba gishiri.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, Laminu ya zo hutu kamar an musanya mana shi. Kaka ta tare shi da maigidana sannu da zuwa, ya ɗaure fuska ya ce wasan banza ne. Ya daina cin abinci kwano ɗaya da Baba, ya ƙi bin limaminmu salla. Wai wani mai wa'azi da ya zo daga kudu ya buɗe masa ido: lakwal, wato makarantar boko, kafirci ce, kuma duk wanda bai bi tafarkinsu ba jininsa ya halatta. Inna ta ga wuƙa a cikin kayansa, ta yini tana kuka a madafa.

Ran kasuwa abokinsa Isufu ya zo gaisuwa. Tebur ɗaya suke zama a aji, ɗaki ɗaya suke kwana. Kaka ta tambaye shi tun yaushe abin ya soma. Ya sunkuyar da kai ya ce tun komawarsu bayan damina, amma 'yan lakwal ba sa kai ƙarar juna. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai ce ya kwana.

Da muka kewaye wuta, Laminu ya koma bayan danga, don ya ce tatsuniya ƙarya ce. Kaka ta ɗaga murya yadda zai ji. Ta ce wani ayarin gishiri ne ya taso daga arewa, raƙuma a jere, kowanne an ɗaura igiyarsa a jikin na gabansa. Dila ya riƙa bin wani ɗan raƙumi a gefe yana gaya masa cewa ya fi sauran tsarki, igiya kuwa wulaƙanci ce, ga korama can bayan tudu ta zaɓaɓɓu kaɗai. Ɗan raƙumi ya shiga tauna igiyarsa kaɗan-kaɗan. Na gabansa ya ji ta yi sako-sako, ya ce ba ruwansa. Na bayansa yana kallo, ya ce shi ba magulmaci ba ne. Madugu yana can gaba mai nisa, bai san kome ba. Da igiya ta tsinke, ɗan raƙumi ya bi dila. Bayan tudu babu korama, sai kuraye.

Muka yi ta jiran zomo ko wani mai dabara ya zo ya cece shi, kamar yadda aka saba. Kaka ta gyara mayafinta.

"Isufu, jikana, madugu ba ya jin igiya," ta ce. "Wanda ke kusa shi ke ji."

Ba ta rufe tatsuniyar ba, ta tashi ta shige ɗaki. Ni dai tsoro ya kama ni, na rasa dalili.

Isufu ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Da suka koma Tanut ya manne wa Laminu, ya sanar da malamin ajinsu, ya aiko wa Baba saƙo. Kafin Baba ya isa, Laminu ya hau babbar mota ya yi kudu da mutanen mai wa'azin. Akwai wasu yara biyu 'yan ajinsu da ke shirin binsa. Isufu ya taka har garuruwansu ya gaya wa iyayensu, aka zo aka tafi da su gida. 'Yan lakwal suka sa masa suna munafuki, wasu har suka tare shi suka yi masa duka. Yaran nan biyu yau dattawa ne masu jikoki.

Daga baya muka ji a rediyo an yi kashe-kashe a wani birni a kudu. Baba ya sayar da akuyoyi ya je nema, ya dawo hannu wofi, bai ƙara zama mai magana ba.

Da ina yarinya na ɗauka dila ne mugun labarin. Sai da na girma, na haifi nawa na kai su lakwal, na gane Kaka ba da dila take ba. Irinsa ba ya ƙarewa. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana, in abokinku ya daina dariya da ku, ya soma kiran iyayensa kafirai, ku faɗa da wuri, ko da za a zage ku. Zagi yana wucewa.

Ba mu ga gawar Laminu ba, ba mu yi zaman makoki ba. Har yau in aka tambaye ni mu nawa Inna ta haifa, nawa ke raye, tambayar farko kaɗai nake iya amsawa.